Rumbun Baban Tera

Idan ana lissafin ni'imomin da Allah ya yi wa garin Mubi, akan fara da kasuwar shanu, a ambaci gyaɗar Vimtim, sannan a gyara murya a kira sunan Injiniya Jibrilla Adi. Shi ya tsara jerin da kansa, kuma saboda tawali'u irin nasa ya yarda shanu su riga shi.

Injiniyancin nasa na mako shida ne, a saman wani bene a Kaduna ya karanto shi. Amma ya sha gaya mana cewa abin da wasu ke shekara biyar suna lalube a jami'a, shi kallo ɗaya ya yi masa ya haddace. Ba mu yi musu ba. Mu mutanen Mubi mun saba sayen bijimi da girman tozo, don haka duk abin da aka ce mana babba ne tafi muke fara yi, tambayar amfaninsa sai daga baya, in an tuna.

Ko a zafin watan Maris ba ka ganinsa ba malum-malum. Waya uku yake riƙewa, ɗaya ba ta da layi, aikinta kawai a ajiye ta a kan tebur. A wuyansa akwai igiya da ya jera wa filashi bakwai, irin 'yan ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, suna kacau-kacau in yana tafiya, har wasu tsofaffi suna ɗauka layu ne. Shagonsa mai ƙofa ɗaya ne a bayan tasha, da tsofaffin kwamfutoci huɗu, da firinta, da faifan intanet a kan rufi. Sunan shagon Babbar Cibiyar Kimiyyar Kwamfuta ta Arewa Maso Gabas da Kewaye. Allon ya fi shagon tsawo, sai da ya ci rabin goshin shagon telan da ke kusa da shi, har baƙi kan shiga wurin tela su nemi a duba musu intanet.

Shi ya koya mana awo irin na kwamfuta. Ya ce mega cokali ce, giga mudu ne, tera kuwa tirela ce shaƙe da kaya. Mega dubu ke yin giga ɗaya, giga dubu ke yin tera. Ba ya haɗa magana uku bai ambaci tera ba, shi ya sa 'yan tasha suka raɗa masa Baban Tera. Da sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba. Sawa ya yi aka buga masa shi a katinsa, ƙarƙashin Injiniya.

A shekarar 2012 tsoro ya shigo Mubi ya samu wurin zama. An kashe mutane, an ƙona wurare, dokar hana fita ta zama abin da aka saba. Jama'a suka fara duban takardunsu da wani ido: satifiket, takardar fili, takardar kama aiki, duk abin nan da wuta ke cinyewa kafin a kawo bokitin ruwa. Kowa na cikin wannan zullumi, sai Injiniya ya ga lokacinsa ya yi.

Ya yi odar faifan ajiya guda takwas daga Legas, ya jera su a cikin akwatin ƙarfe, ya haɗe su suka zama ma'ajiya ɗaya mai cin tera goma sha shida. Ya sa mata suna Rumbu. Sannan ya kira mai walda ya zagaye akwatin da keji na rodi, ya dasa ƙafafunsa a cikin siminti. Mai walda ya tambaya ta ina za a yi ƙofa, Injiniya ya ce ba ƙofa, ai ƙofa ita ce ke gayyatar ɓarawo. Aka liƙe keji ruf, wayoyi kawai ke fitowa ta tsakanin rodin zuwa kwamfutocin da ke gaban shago.

Ranar buɗe Rumbu an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an raba lemo. Injiniya ya ɗauko mai bidiyo, ya ja masa kunne cewa kyamara ba ta da hurumin barin fuskar mai taro. Da ya miƙe jawabi sai da ya gyara hannun riga sau uku.

"Jama'ar Mubi da kewaye, ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Takarda abincin gara ce, abincin wuta ce. Amma abin da ya shiga Rumbun nan ya shiga ke nan, sai tashin ƙiyama. Tera goma sha shida nake gaya muku. Ko a Yola babu irinsa, na sa an bincika. In aka zuba Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu a ciki, aka ɗora Maiha a kai, akwai sauran wurin shimfiɗa tabarma."

Muka yi tafi har tafukanmu suka yi ja. Ba wanda ya san girman Maiha a awon tera, amma magana ta yi daɗi.

Wadda aka fara ɗaukar hoton takardunta a gaban jama'a ita ce Malama Selina Jatau, 'yar Vimtim, mai koyar da 'yan aji uku a wata firamare a cikin gari. Shekara goma sha bakwai ke nan a lokacin tana cin alli. Takardunta biyu ne rak, shaidar malanta da takardar kama aiki, tana ajiye su a cikin gwangwanin biskit. Su kaɗai ke tabbatar wa gwamnati cewa akwai wata Selina a duniya. Aka ce ta ɗaga takardar kama aikin ta nuna wa mai bidiyo, ta ɗaga. Bayan an watse ta roƙi Injiniya ya zuba mata kwafin a memorin wayarta, ko ya buga mata biyu ta kai wa yayarta a ƙauye ta ajiye. Ya dube ta da tausayi, ya ce wanda ya kai kuɗinsa banki ba ya kuma tona rami a bayan ɗaki. Ta ji kunya, ta ba shi haƙuri ta tafi.

Daga nan layi ya kama. Malamai, direbobi, masu filaye, tsofaffin sojoji, har da wani makiyayi daga Belel da ya kawo takardar rigakafin shanunsa. Mai ba ku labarin nan ma ya kai takardar filinsa, ya kuma ja maƙwabtansa biyu, yana yi musu gorin rashin wayewa.

Rumbu ya fara nuna halinsa tun a watan farko. Tsofaffin kwamfutocin gaban shago, da aka haɗa su da shi ta waya, ba sa iya ganin abin da ya wuce tera biyu, iyakar ƙirarsu ke nan. In ka duba fuskar kowace, abin da za ta rubuta maka shi ne Rumbu tera biyu ne. Wani malamin lissafi da ya zo aiki ya karanta hakan da ƙarfi a gaban mutane. Injiniya bai girgiza ba. Ya bayyana cewa ƙananan kwamfutoci suna da tarbiyya, ba sa ɗaga ido su ƙare wa babba kallo. Washegari muka tarar ya yanka takarda ya rubuta TERA 16 da jan biro, ya manna a daidai wurin a fuskar kowace kwamfuta. Aka daina gardama.

Abin da ya girgiza shi da gaske ya zo ne bayan shekara guda, kuma shi kaɗai ya gani. Wata rana da rana tsaka, shago ba kowa, ya ce bari ya auna takardun da ya tara ya ga yawansu, don ya samu abin faɗa a majalisa. Kwamfuta ta yi lissafinta ta ba shi amsa: giga ɗaya da rabi. Ya goge tabarau ya sake aunawa, amsa ba ta canza ba. Satifiket ɗin gari guda, da filayensa, da shanun Belel, duk mudu ɗaya da rabi a cikin tirela goma sha shida. Ya ji kamar shi aka ɗora a sikeli, kuma ya ƙudura a ransa ba mahaluƙin da zai taɓa ganin wannan lamba.

Mai hikima ba ya rasa dabara. Ya shiga cika Rumbu da duk abin da hannunsa ya kai: finafinan Indiya, wasannin ƙwallo na shekara goma, kokawa, bidiyon bukukuwan mutanen da bai sani ba, wasu ma sau biyu ya zuba su. Sannan ya tattara komai da komai ya ɗaure a fayil guda, ƙunshi ɗaya mai nauyin tera goma sha ɗaya, ya kira shi Taskar Injiniya. A farkon ƙunshin ya sa bidiyon ranar buɗe Rumbu, tunda kowane babban littafi da gabatarwa yake farawa. Finafinai suka biyo baya. Takardun jama'a kuwa ya sa su can ƙarshe, ya ce abu mai daraja a ƙasan akwati ake ɓoye shi.

Tun daga ranar, in kana son kwafin takardarka sai ka wuni, domin sai kwamfuta ta bi ƙunshin nan kaf kafin ta isa gare ta. Injiniya ya kira wannan bin ƙa'ida. Mu kuma muka riƙa zama a benci muna alfahari, muna gaya wa juna cewa babban abu ba ya gaggawa.

A irin wannan zama ne wata Asabar Malama Selina ta ƙosa. Ta zo tun safe, ga azahar ta wuce, ba takarda ba labarinta. Ta leƙa kejin, ta zagaya shi, ta dawo.

"Injiniya, a gidanmu Vimtim rumbun dawa daban, na gyaɗa daban," ta ce da irin Hausarmu ta Mubi. "Kowane yana da baki wanda hannu zai shiga. Wannan naka babba ne, na yarda. Amma ina bakinshi?"

Injiniya ya yi murmushin da yake yi wa masu ƙaramin sani. Ya ce: "Malama, ke fanninki ƙidayar yara, ni fannina kafasiti, wato girman ma'ajiya. Rumbun gargajiya don kaji da ɓeraye aka yi shi. Wannan rumbun zamani ne, bakinsa a cikin waya yake, ba a ganinsa da ido." Muka yi dariya, har da mai ba ku labari, wanda ya fi kowa buɗe baki.

Akwai mutum ɗaya da ba ya dariyar. Sunansa Mahmoud, tare suka yi karatun mako shidan nan, yana da ɗan shagon kwamfuta a Jimeta wanda Injiniya ke kira reshenmu na Yola ba tare da ya taɓa neman izininsa ba. Mahmoud ya amince a turo masa kwafin takardun ta intanet ya ajiye, saboda halin yau da gobe. Sai dai ya faɗi gaskiyar kayansa tun farko. Na'urarsa tsohuwa ce, hanyar da ke tsakaninsu ba ta wuce da fayil ɗin da ya haura giga biyu. Ya ce a kwance ƙunshin, a turo takardun mutane kashi-kashi, finafinan su jira. Wata shida yana nanata wannan magana a waya.

Amsar Injiniya ɗaya ce, kuma a gaban jama'a yake ba da ita, da wayar a kunne: "Mahmoud, giwa ba a tura ta a tsinken tsire. Taskar Injiniya guda take, guda za ta tafi. In ƙofarka ta yi kaɗan ka faɗaɗa ƙofa. Na ma rubuta wa masu ƙera na'urar su duba lamarin." Ba wanda ya ga wasiƙar, amma mun ji daɗin cewa ɗan Mubi na ba Turawa umarni.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, in ya ware takardun ya tura, Mahmoud zai ga nauyinsu. Zai ga giga ɗaya da rabi. Daga Jimeta zuwa tashar Mubi kuwa labari ba ya kwana a hanya.

Damina ta 2014 ta zo da abin da ta zo da shi. Mutanen Madagali da Michika suka yi ta kwararowa cikin gari suna gudun 'yan bindiga, da ƙunshin kaya a ka, wasu ba ko ƙunshin. A ƙarshen Oktoba kowa ya san ruwa ya kusa cin gari. Ran wata Asabar Injiniya ya tara wanda ya samu a benci, ya sanar da cewa yau Taska za ta yi hijira zuwa Yola, ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya kamar mai ƙaddamar da gada. Janareta ya yi ta ruri kwana biyu, wani koren layi yana rarrafe a fuskar kwamfuta. Ran Litinin da hantsi tura ta kai giga biyu ta tsaya cak, kamar jaki a bakin kogi. Kwamfuta ta rubuta da Turanci cewa fayil ya yi girma.

Mahmoud ya bugo waya yana roƙo. Ya ce har yanzu da sauran lokaci, a kwance ƙunshin yau, a turo takardun kawai, in ba su da nauyi sosai kafin jibi sun iso. Ya tambaya ma, wai nawa ne nauyinsu? Nan take a zuci Injiniya ya ga fuskar Malama Selina, ya ga ta malamin lissafi, ya ga layin mutanen da suka miƙa masa takardu da hannu biyu, kuma zuciyarsa ta gaya masa gaskiya ba tare da ado ba. Sai kuma ya hango majalisar tasha ana kiransa Baban Mudu. Ya ce wa Mahmoud sabis ba kyau, ba ya jinsa. Ya kashe waya ya sake tura ƙunshin dukansa daga farko, wannan karon da bisimilla.

Ran Laraba da safe koren layin ya isa daidai inda ya tsaya shekaranjiya, ya sake tsayawa. Injiniya na cikin yi masa faɗa aka fara jin harbi daga yamma, ƙarar tana matsowa.

Wannan rana ba ta zambo ba ce. Wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Uwa ta fita ba ta san inda ɗanta yake ba, an bar tukwane a kan wuta, tsofaffi sun zauna a bakin hanya sun ce a wuce a bar su. Malama Selina daga makaranta ta gudu da yara shida da ba nata ba, ba ta ko waiwayi gida ba, balle gwangwanin biskit. Mai ba ku labari da takalmi wari ɗaya ya isa Maiha, kuma har yau bai san dalilin da ya hana shi cire shi ya yar ba.

Injiniya kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi yunƙurin ceton Rumbu. Ya kama kejin ya jijjiga, ya sa ƙafa ya tokare bango ya ja, ya nemi ƙofa ta kowace kusurwa. Mai walda ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Da harbi ya iso bakin tasha, sai ya naɗe malum-malum ya ɗora a kafaɗa, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Filashin nan bakwai suna ta kacau-kacau a wuyansa har cikin daji. Ko ɗaya ba ta ɗauke da takardar kowa, dama don ado aka rataya su.

A Yola muka sake haɗuwa, kowa ya rame, kowa na kwana inda ya samu. Mako bai cika ba Injiniya ya wanke malum-malum ya sa guga. Duk wanda ya tare shi da zancen takardu sai ya ɗaga hannu ya ce: "An tura. Tun kafin a fara gudu na tura. Mai hangen nesa ba ya jiran gobara." Ba ƙarya ya yi ba, an tura ɗin. Sai dai ya daina bin layin da shagon Mahmoud yake, in tafiya ta kama ta can sai ya zagaya ta bayan kasuwa.

Bayan sojoji da maharba sun karɓe gari daga hannun 'yan bindiga, waɗanda suka fara leƙawa suka dawo da labari. Layin bayan tasha ya ƙone. Kejin yana nan daram, ko lanƙwasa bai yi ba, amma abin da ke cikinsa ya narke ya zama gawayi. Gidan da Malama Selina ke haya ma ya ƙone. Injiniya ya ji, ya ce wannan ya tabbatar da ingancin kejin.

A watan Disamba aka kafa kwamitin tantance malamai, don a raba na gaske da na bogi. Aka ce wanda takardunsa suka ƙone ya kawo kwafi da takardar rantsuwa daga kotu, wanda ba shi da ko kwafi a cire sunansa. Malama Selina ta yi rantsuwarta, saura kwafi. Ana gobe za a rufe, ta tare Injiniya a bakin masallacin da yake sallar azahar, ta tsaya daga gefe har ya fito. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai ya raka ta wurin Mahmoud. Mu da muke da takardu a Rumbu muka ji, muka bi su, mun kai mutum ashirin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shagon Mahmoud bai kai rabin na Injiniya ba, allonsa ma kwamfuta kawai aka rubuta. Mahmoud ya ba Malama kujera, ya ce abin da ya iso wurinsa guntu ne, giga biyun farko na ƙunshin, kuma ya yi dabara ya buɗe shi. Ya dubi Injiniya ko zai ce wani abu. Injiniya yana duban silin. Mahmoud ya danna.

Sai ga rumfa, ga kujerun roba, ga Baban Tera cikin malum-malum yana gyara hannun riga. Muryarsa ta cika shagon, tana gaya mana takarda abincin wuta ce, abin da ya shiga Rumbu ya shiga ke nan. Sau ɗaya kyamara ta kuskure ta juyo kan jama'a, sai ga mu muna tafi. Na uku daga hagu, wanda hularsa ta karkace don tsabar tafi, shi ne mai ba ku labarin nan. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

Mahmoud ya ce iyakar abin da ya iso ke nan, wannan bidiyon da rabin wani fim ɗin Indiya. Sannan ya sake yin tambayar da ya yi a waya, a hankali, ba da nufin cin fuska ba: takardun su kaɗai, nawa ne nauyinsu?

Injiniya ya motsa baki, sai da aka ce ya ɗaga murya.

"Giga ɗaya da rabi."

Ba mu yi karatun mako shida ba, amma shi da kansa ya koya mana awo. Ƙofa tana cin mudu biyu, kayan gari duka mudu ɗaya da rabi ne. Da sun wuce a tashi ɗaya, har da sauran wuri. Wani dattijo mai fili uku a cikin Rumbu ya ce innalillahi, ya nemi bango ya jingina.

Malama Selina ce kaɗai ba ta ɗauke ido daga kwamfutar ba. Ta ce a mayar da bidiyon baya, ai ranar nan ta ɗaga takardar kama aikinta ta nuna wa kyamara, in an tsayar da hoton ko lambar fayil ɗinta aka gani kwamiti zai duba. Nan take shagon ya farfaɗo. Injiniya ma ya sauko da idonsa daga silin, ya gyara tsayuwa, ya fara cewa dama saboda irin wannan rana ya sa bidiyon a gaba.

Mahmoud ya mayar. Ga Malama ta fito da gwangwaninta, ga ta ta zaro takarda, ga hannunta yana ɗagawa. Mai bidiyo ya fara matso da hoton. Daidai nan Injiniya na cikin bidiyo ya lura kyamara ta bar shi, ya yi taku ɗaya ya shigo gaba, ya buɗe hannuwa yana murmushi. Mahmoud ya bi hoton ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, har sau huɗu. Babu inda takardar ta fito. Abin da ake gani hula ce, da haƙora, da hannun malum-malum a shimfiɗe, sai 'yan yatsun Malama biyu da suka leƙo ta saman kafaɗarsa.

Ta daɗe tana kallo. Shekara goma sha tara na alli da ƙidayar yara suna bayan hannun rigar nan, ita ta sani, mu ma mun sani, kuma gobe za a cire sunanta. Tausayinta ya kama mu, kunyar kanmu ta fi.

"Mahmoud, ka buga mini wannan hoto," in ji ta. "Gobe in sun tambaya ina takardana, zan nuna musu wanda ya tsaya a gaba."

Mahmoud ya yanko hoton ya tura wa firinta ta waya. Hoton bai tsaya a hanya ba, bai nemi a faɗaɗa masa ƙofa ba, kafin a ƙifta ido ya fito. Malamin lissafin nan yana cikinmu, kuma har yanzu bai bar halinsa na karanta abu da ƙarfi ba. Ya leƙa fuskar kwamfuta ya karanto mana nauyin hoton. Baban Tera dukansa, da hula da haƙora da malum-malum, bai cika mega ɗaya ba.